Haƙori Ɗaya Cikin 35: Yadda Girgiza Ta Tona Ciwon Giyabos Ɗin Wata Babbar Mota

Motar da ake magana a kanta babbar motar ɗaukar kaya ce, mai injin dizal silinda shida da giyabos na hannu, giya shida ta gaba. Tana cikin jerin motocin wani kamfanin sufuri, kuma giya ba ta taɓa kwantar da ita a hanya ba. Ƙorafin direbanta guda ɗaya ne: in ya sa giya ta huɗu da lodi, musamman a hawa, yana jin wani ƙas-ƙas mai sauri a ƙarƙashin kujerarsa, haɗe da gurnani. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai abin ya lafa. A giya ta uku babu, a ta biyar ma shiru. Giya ba ta fita da kanta, mai ba ya yoyo, inji kuma yana ja yadda ya saba.

Makanikan garejin kamfanin sun rabu gida uku. Babbansu, wanda ya kafa sukundireba a jikin giyabos ya ɗora kunne a ƙotarta, ya ce boris ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da sanda ke juyawa a cikinsa, ya fara ci. Wani ya ce mahaɗin farfela ne ya yi sako-sako. Na uku ya ɗora laifin a kan aksil na baya. Kowannensu yana da hujja, domin duk waɗannan sassa suna iya yin ƙara irin wannan, kuma ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa da inda aka haife shi. Sauke giyabos ɗin babbar mota kuwa ba aikin wuni ɗaya ba ne. In aka sauke aka tarar lafiyarsa lau, motar ta yi zaman banza. In kuma aka bar shi haƙori ya karye a kan hanya, gutsuren yana iya shiga tsakanin sauran haƙora ya farfasa har kwanson giyabos ɗin. Wannan ne ya sa aka nemi a auna girgizar kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Abin da bakin direba ya riga ya warware

Kafin a fito da kowace na'ura na zauna da direban, domin shi ne ya fi kowa daɗewa yana sauraron wannan ƙarar. Na tambaye shi ko abin yana bin gudun mota ne ko yana bin giya.

Ya ce, "Injiniya, in ina gudu iri ɗaya na ɗaga ta zuwa biyar, sai ka rantse wata motar ce daban. Huɗu ce kawai, kuma sai na taka."

Wannan amsar kaɗai ta wanke farfela da aksil. Su biyun gudun taya suke bi, babu ruwansu da giyar da aka sa. Farfelar da ta rasa daidaito tana girgiza sau ɗaya a kowane juyinta, mahaɗin da ya lalace yakan ba da sau biyu, kuma za su yi hakan a giya ta huɗu ko ta biyar muddin gudun mota bai canja ba. Sai ciwon ya koma cikin giyabos. Amma a ciki akwai faya-fayan giya sama da goma da boris iri-iri, kuma kunne ba zai iya cewa wanne ne ba.

An kuma kwance murfin tsiyaye mai aka duba maganaɗisun da ke jikinsa. Akwai garin ƙarfe mai laushi, wanda kowane giyabos da ya daɗe yana aiki yake tarawa, sai kuma wasu 'yan ɓarɓashi masu kaifi da ake ji a tsakanin yatsu. Wannan ya tabbatar cewa wani abu yana gutsurewa a ciki, amma maganaɗisu ba ya faɗin daga ina.

Lissafin da aka yi kafin a taɓa motar

A irin wannan giyabos sanduna uku ne ke aiki. Sandar shiga tana karɓar juyi daga inji ta hanyar kuloci. Tana juya sandar ƙasa ta wasu faya-fayai biyu da kullum suke haɗe. Sandar ƙasa tana ɗauke da faifai ɗaya na kowace giya, kowanne yana cizon abokinsa da ke kan sandar fita. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dukkan waɗannan faya-fayan suna juyawa a kowane lokaci, ko an sa giyarsu ko ba a sa ba. Sa giya yana nufin kulle faifai ɗaya a jikin sandar fita domin ƙarfin inji ya bi ta kansa, sauran su ci gaba da juyawa babu nauyi. A giya ta biyar ta wannan motar kuwa, sandar shiga ake kullewa kai tsaye da sandar fita, sandar ƙasa gaba ɗayanta ta huta da ɗaukar nauyi.

Littafin gyaran motar ya ba da adadin haƙora. Faifan sandar shiga 26, abokinsa na sandar ƙasa 43. Giya ta huɗu: 35 a sandar ƙasa, 29 a sandar fita. Giya ta uku: 28 da 36.

Aka zaɓi juyi 1,500 a minti a matsayin gudun injin da za a yi awo a kansa, wato juyi 25 a daƙiƙa, ko Hz 25 a ma'aunin Hertz. Daga nan sai ninkawa da rabawa. Haƙora 26 sau 25 ya ba da cizo 650 a daƙiƙa a haɗin farko. Raba 650 da 43, sandar ƙasa tana juyi 15.1 a daƙiƙa, kimanin 907 a minti. Ninka 15.1 da 35, cizon giya ta huɗu ya faɗa a kan Hz 529. Raba 529 da 29, sandar fita tana juyi 18.2 a daƙiƙa. Cizon giya ta uku yana kan Hz 423. Shi kuma inji mai silinda shida yana tashin wuta sau uku a kowane juyi, wato Hz 75, da ninkinsa: 150, 225, 300, har zuwa sama.

A ganina wannan takardar lissafin ita ce rabin aikin. Wanda ya ɗora na'ura a kan giyabos bai san adadin haƙora ba zai ga tsini barkatai a kan allo, ya zaɓi wanda ya fi tsawo ya ɗora masa laifi, alhali mafi tsawon sau da yawa shi ne mafi lafiya. Lissafin ya kuma nuna wani tarko tun kafin a faɗa cikinsa: ninki na bakwai na tashin wutar inji shi ne Hz 525, tazarar Hz 4 kacal tsakaninsa da cizon giya ta huɗu.

Yadda aka yi awon

An yi amfani da na'urar jin girgiza mai ƙwayar kiristal. An ɗora ɗaya a jikin kwanson dab da boris na baya na sandar ƙasa, ɗaya kuma kusa da boris na sandar shiga. Wurin ɗorawa yana da muhimmanci ƙwarai, domin girgizar haƙori ta cikin sanda take bi ta shiga boris sannan ta fito kwanso, kuma duk inda ta haye wani mahaɗi sai ta rage ƙarfi. Murfin sama mai laushi ba wurin ɗorawa ba ne, domin shi da kansa yana da kukansa. Kwanson na alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama shi, don haka aka kankare fenti aka manna ƙaramin ƙarfe da gam mai tauri aka ɗaure na'urar a kai. Hakan ma ya fi, domin maganaɗisu yakan fara ɓata awo da an haura Hz dubu biyu ko makamancin haka, riƙewa da hannu kuwa tun wajen dubu ɗaya, alhali bugun haƙori da na boris a can sama suka fi fitowa fili.

An saita na'urar ɗauka a kan samfur 25,600 a daƙiƙa, wato ta karanta girgizar sau 25,600 a kowace daƙiƙa, wanda ke ba da damar ganin girgiza har zuwa Hz 10,000. Ƙa'idar Nyquist da Shannon ta ce dole saurin ɗauka ya haura ninki biyu na mafi saurin girgizar da ake son gani, in ba haka ba girgizar sama za ta naɗo ta bayyana a ƙasa da fuskar da ba tata ba. Tare da girgizar aka ɗauki siginar juyin inji, domin muddin kuloci ba ya zamewa, gudun inji shi ne gudun sandar shiga.

An loda motar, aka samu doguwar hawa mai santsin kwalta, direba ya riƙe allura a kan 1,500 gwargwadon iyawarsa. Aka ɗauki awo a giya ta uku, ta huɗu da ta biyar, da taka totur da kuma sakinsa. Sannan aka maimaita komai a kan wata motar kamfanin irinta sak, wadda ba a taɓa yin ƙorafi a kanta ba. Idan babu tsohon awon motar kanta lokacin da take lafiya, 'yar'uwarta ce mafi kusa da ma'auni.

Sakamakon farko bai nuna komai ba. Jimillar ƙarfin girgiza a giya ta huɗu ta ɗara ta lafiyayyar motar da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, bambancin da ɗaurin na'ura kaɗai zai iya kawowa. Da a nan aka tsaya, da an sallami motar. Wannan lamba ta jimilla ita ce ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 10816, wadda ISO 20816 ta gada, ta fi dogara a kai, inda ake auna gudun girgiza da milimita a daƙiƙa tsakanin Hz 10 da 1,000. Tana da amfani ga fanfuna da injinan masana'antu da ke kafe wuri ɗaya. A jikin mota mai injin dizal kuwa, tashin wutar silinda shida ya riga ya cika wannan lambar, haƙori ɗaya mai ciwo ba zai motsa ta ba sai ya kusa karyewa.

Abin da taswirar girgiza ta nuna

Tun 1822 Joseph Fourier, ɗan ƙasar Faransa, ya nuna a aikinsa kan yaɗuwar zafi cewa ana iya warware sigina mai sarƙaƙiya zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi, kowace da saurinta da ƙarfinta. A 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa hanyar yin wannan lissafin da sauri a kwamfuta, wadda ake kira FFT. Abin da take fitarwa taswira ce: a kwance saurin girgiza, a tsaye ƙarfinta, kowane abu mai maimaituwa a cikin injin ya fito da tsininsa.

Kaifin taswirar ya danganta da tsawon lokacin ɗauka. Daƙiƙa ɗaya tana rarrabe tsini biyu masu tazarar Hz 1, daƙiƙa goma tana rarrabe Hz 0.1. Sai dai a kan hanya gudun inji ba ya tsayawa cak. Hawa ko saukar juyi 15 a minti, wanda ido ba ya gani a allura, kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma a wajen Hz 529 wannan yana nufin tsinin zai yi ta yawo da Hz 5 hagu da dama. Taswirar farko haka ta fito: wani dunƙulen tudu a tsakanin 520 da 535, inji da giya sun cakuɗe a ciki. Maganin shi ne siginar juyin da aka ɗauka. Aka sake jera samfuran bisa kusurwar juyawar sanda maimakon bisa agogo, ta yadda kowane juyi yake da adadin samfur iri ɗaya ko inji ya yi sauri ko ya yi sanyi. Da aka yi haka tudun ya tsage biyu, 525 na inji ya tsaya gefe, 529 na giya ya tsaya gefe.

Tsinin 529 da kansa ba laifi ba ne. Kowane giyabos mai lafiya yana da shi, domin yayin da haƙora ke shiga cizo suna fita, taurin haɗin yana ɗan hawa da sauka, kuma a lafiyayyar motar ma ya fito da tsawo kusan ɗaya. Bambancin yana gefensa. A motar da ake tuhuma, ƙananan tsini sun jeru hagu da dama, waɗanda zan kira 'yan rakiya: 514, 499, 484 a ƙasa, 544, 559, 574 a sama, suna ci gaba har sun haura shida a kowane gefe. Haka kuma suka kewaye ninki na biyu, wato 1,058. A lafiyayyar motar biyu ne kawai, gajeru, irin waɗanda ɗan rashin daidaiton ƙira ke haifarwa.

Dalilin 'yan rakiya shi ne: idan haƙori ɗaya ya samu rauni, duk lokacin da ya zo cizo sai ya lanƙwasa fiye da 'yan'uwansa ko ya buga da ƙarfi, kuma hakan yana faruwa sau ɗaya a kowane juyin sandar da yake kai. Wannan dagulewar da ke dawowa a kan kari ita ce ke fitowa a taswira a matsayin tsini masu tazara daidai da gudun sandar. Tazarar ita ce ke faɗin sunan mai laifi. A nan tazarar 15.1 ce, gudun sandar ƙasa. Da faifan sandar fita ne mai ciwon, da an gan su a 511 da 547, tazarar 18.2. Tsakanin 514 da 511 Hz 3 ne kawai, kuma wannan 'yar tazarar ita ce ta raba faifai mai haƙora 35 da mai 29. Yawansu ma yana magana. Faifan da ya karkace ko sandar da ta lanƙwashe suna ba da 'yan rakiya kaɗan masu tsawo, domin dagulewar tana hawa da sauka a hankali cikin juyi. Bugu gajere mai kaifi na haƙori ɗaya kuwa yana ba da su da yawa, a baje.

Saura tambaya ɗaya. Sandar ƙasa tana ɗauke da faya-fayai da dama, ciki har da mai haƙora 43, kuma duk gudunsu ɗaya. An ga wasu gajerun 'yan rakiya a gefen 650 ma. Amma faifai mai 43 yana ɗaukar nauyi a kowace giya ban da ta biyar. Da shi ne, da ciwon ya fito a giya ta uku. Awon giya ta uku tsaf yake: 650 da 423 suna tsaye babu rakiyar kirki, 529 kuma ya kusa ɓacewa domin faifan yana juyawa ba nauyi. Abin da direba ya ji da kunnensa shi ne ya fito a lamba.

Ba a watsar da ra'ayin babban makanike ba, domin boris da ya ci shi ma yana yin ƙara da lodi. Ana gane shi ne ta wata hanya dabam. Bugun boris ƙanƙane ne, yana kaɗa kwanson a can saman Hz dubbai, don haka ake tace wannan yankin kaɗai, a bi hawa da saukar ƙarfinsa, sannan a yi taswirar wannan hawa da saukar. Boris ba ya bugu daidai da cikakken ninkin gudun sanda. A ƙiyasin da ma'aikata ke amfani da shi, raunin zoben waje yana fitowa wajen kashi 0.4 na adadin ƙwayoyi sau gudun sanda, na zoben ciki wajen 0.6. Boris ɗin sandar ƙasa yana da ƙwayoyi 14, wato a nemi tsini kusa da Hz 85 ko 127. Abin da ya fito shi ne 15.1, 30.2, 45.3 da ninkinsu, cikakkun ninki, alamar haƙori. Akwai wani ɗan tsini a kusa da 85, gajere ƙwarai amma bai ɓace ba a duk awon da aka yi da lodi. Aka rubuta shi a rahoto.

Hujja ta ƙarshe, wadda ta fi gamsar da mutanen gareji, ita ce matsakaicin juyi. Aka yanka siginar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa juyi ɗaya na sandar ƙasa, kashi 66 cikin 1,000 na daƙiƙa, aka jera juyi 100 a kan juna aka ɗauki matsakaici. Duk abin da ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan sandar, inji ne ko hanya ko boris, yana narkewa, kuma juyi 100 yana rage hayaniya da ninki goma. Abin da ya rage, ban da cizon faifai mai haƙora 43 da shi ma yake kan wannan sandar, igiya ce mai tudu 35, ɗaya ga kowane haƙori. Da aka cire cizon yau da kullum daga ciki, sai layi ya kwanta kusan shafe, ban da wuri ɗaya da ya yi tsalle, faɗinsa bai wuce digiri 20 ba cikin 360, kimanin haƙori biyu. Ma'aunin kaifin sigina, kurtosis, yana zama wajen 3 in hayaniya ce zalla. A lafiyayyar motar ya tsaya dab da 3, a wannan ya haura 6. Wannan dabarar ba sabuwa ba ce: R. M. Stewart ya tsara ma'aunin FM4 a kanta a 1977 a Jami'ar Southampton ta Ingila, P. D. McFadden kuma ya nuna a 1986 yadda ake gano tsagar haƙori daga sauyin ƙarfi da jinkirin cizo. Jiragen sama masu saukar ungulu ne suka fi cin moriyarta tun farko.

Shawarar da aka yanke, da iyakarta

Rahoton ya ce: rauni a haƙori ɗaya na faifan giya ta huɗu da ke sandar ƙasa, da alamar farkon lalacewa a zoben waje na boris ɗin bayanta. A dakatar da motar, a sauke giyabos, a tanadi faya-fayan giya ta huɗu biyun da boris kafin a buɗe. Mai kula da motocin ya so a bar ta ta ƙara tafiya ɗaya, direba ya riƙa tsallake giya ta huɗu. Ban goyi baya ba. Awo ɗaya yana faɗin inda ciwo yake, ba ya faɗin kwana nawa suka rage. Haƙorin yana shan nauyi sau 907 a minti, sama da 54,000 a awa, wato miliyan ɗaya cikin awa 18 da 'yan mintoci na aiki a wannan giyar, kuma tsaga tana ƙara sauri ne gwargwadon tsawonta. Ga shi kuma kurtosis yana da wani hali mai yaudara: in lalacewar ta yaɗu zuwa haƙora da yawa yakan sauko, sai mai kallon lamba kaɗai ya zaci sauƙi aka samu.

Ya kamata a faɗa cewa wannan giyabos mai sauƙin karantawa ne, domin sandunansa a kafe suke kuma hanyar girgiza zuwa na'ura ba ta canjawa. Giyabos na otomatik yana amfani da ƙananan faya-fayai masu kewaya wani faifai na tsakiya, suna matsowa kusa da na'ura suna nisa, ga kuma mahaɗin mai da ke zamewa tsakanin inji da sandar shiga. A can aikin ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ranar 29 ga Afrilu, 2016, jirgi mai saukar ungulu samfurin EC225 ya faɗi kusa da tsibirin Turøy a Norway, mutum 13 suka rasu. Bincike ya gano tsagar gajiyar ƙarfe ce a ɗaya daga irin waɗannan faya-fayai masu kewayawa, ta girma a ƙarƙashin fatar ƙarfen, kuma tsarin sa ido kan girgiza da ke jikin jirgin bai yi gargaɗi ba. Haka nan ina taka-tsantsan da manhajojin koyon na'ura da ake yi wa talla da cewa za su gane ciwo su kaɗai. Da yawa daga cikin binciken da ake wallafawa an horar da su ne a kan bayanai irin na Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, inda aka huda boris da gangan da tartsatsin lantarki a kan injin lantarki mai ƙarfin doki biyu a ɗakin gwaji. Bayanan suna da daraja, amma ba su san hawa da lodi da dizal ba.

Da aka buɗe

Faifai mai haƙora 35 aka fara wankewa. A fuskar da ke ɗaukar nauyi ta haƙori ɗaya, ƙarfe ya ɓantare kamar faɗin farcen ɗan yatsa, gefen ramin da kaifi, cikinsa garas-garas. Da aka fesa jan ruwan gano tsaga aka goge aka fesa farin, sai wani siririn jan layi ya fito daga ramin ya gangara zuwa gindin haƙorin, ya ci kusan sulusin faɗinsa. Sauran 34 ba su da komai sai shekin aiki. Abokinsa mai 29 kuwa kusan kowane haƙorinsa yana da ɗan tabo, kuma wannan ma lissafi ne: 35 da 29 ba su da wata lamba da ke raba su biyun, don haka haƙorin mai ciwo yana zagaya dukkan 29 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kan na farko bayan cizo 1,015, ƙasa da daƙiƙa biyu. Masu ƙira da gangan suke zaɓar irin waɗannan lambobi domin cin ƙarfe ya rarrabu, kuma shi ya sa ba a canja faifai ɗaya a bar abokinsa. A zoben waje na boris an tarar da 'yan ƙananan lotsawa, sawun ɓarɓashin da ƙwayoyi suka taka. Babban makanike bai ji ƙarya ba, sai dai boris ɗin wanda aka cuta ne, ba shi ya fara ba.

Tushen abin ya fito daga wani wuri da na'ura ba ta nuna ba. Ƙananan haƙoran da ke kulle giya ta biyu sun dakushe, biyu daga cikinsu bakinsu ya gutsure, zoben sinkro, mai daidaita gudu kafin giya ta shiga, kuma ya cinye. A gefen ramin babban haƙorin akwai lotsawa mai zurfi, irin wadda taurin gutsure ke bari in ya shiga tsakanin cizo. Daga nan fatar ƙarfen da aka taurara ta fara tsagewa. Da aka tambayi direba ya ce ai an daɗe giya ta biyu tana kartawa da safe, sai ya danna da ƙarfi take shiga, bai ɗauke shi abin kai ƙara ba. Aka duba kuloci, aka tarar ƙaramin silindansa yana tsiyayar mai a ciki, ba ya sakin faranti gaba ɗaya, sandar shiga tana ci gaba da juyawa ko an taka shi har ƙasa.

An canja faya-fayan giya ta huɗu biyun, boris biyu na sandar ƙasa, sinkro da makullin giya ta biyu, da silindan kuloci, aka wanke kwanson aka zuba sabon mai. Ƙananan ƙarafan da aka manna domin ɗora na'ura an bar su a wurinsu. Bayan motar ta yi 'yan tafiye-tafiye sababbin haƙora sun zauna, aka sake awo a kan hawa ɗaya, lodi ɗaya, juyi 1,500. Tsinin 529 yana nan da 'yan rakiya biyu gajeru, kurtosis ya koma kusa da 3, na 85 ya ɓace. An ajiye wannan awon a fayil ɗin motar tare da takardar adadin haƙora, aka kuma sa a riƙa maimaita shi duk lokacin canjin man giya, a duba maganaɗisun murfi a rana guda. Sauran motocin kamfanin masu irin wannan giyabos an bi su ɗaya bayan ɗaya an gwada sakin kulocinsu, aka samu biyu da suka fara kartawa.